Sharhi kan wani zauren bitar rubutu mai dokar yin shiru

Hidimar da zan yi sharhi a kanta wani zaure ne na bitar rubutu, wanda marubuci ke biyan kuɗin zango ya shiga, a haɗa shi da wasu marubutan da ba su wuce 8 ba, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako ta kiran bidiyo domin duba ayyukan juna a ƙarƙashin jagora guda. Masu zauren ba sa koyar da rubutu ta hanyar lacca, ba sa tace littafi, ba sa kuma yi wa kowa alkawarin haɗa shi da kamfanin ɗab'i. Abin da suke sayarwa shi ne masu karatu da kuma tsarin zama. Bayan na kammala zango guda a ciki, hukuncin da na yanke shi ne tsarin zaman ne ya cancanci kuɗin, domin kowane marubuci yana iya samun wanda zai karanta masa aiki kyauta, amma samun mutanen da za su karanta a kan ƙa'ida, su faɗi gaskiya ba tare da cin fuska ba, shi ne abin da ke da wuya.

Kafin a karɓi kuɗin mutum sai an aika masa da takardar dokoki ya karanta ya sa hannu, kuma wannan kaɗai ya ɗaga darajarsu a idona. Rabin farko na takardar ya shafi yadda ake miƙa aiki. Ana son rubutu ya iso kwana 5 kafin zama, kada ya haura kalma 3,000, a buga shi da haruffa masu girman 12, a bar tazara biyu tsakanin layuka, a sa lamba a kowane shafi. Wannan shi ne tsarin da editoci da yawa suka saba nema, wanda ke ba da kimanin kalma 250 a shafi, kuma amfaninsa a zaure a bayyane yake, domin idan mai sharhi ya ce a duba sakin layi na biyu a shafi na 7, kowa zai sauka a wuri ɗaya. Akwai kuma wata doka da ta hana marubuci ya haɗa aikinsa da ban-haƙuri, irin su cewa cikin gaggawa ya rubuta ko bai samu damar sake dubawa ba. Dalilin da suka bayar shi ne irin wannan magana tana ɗaure hannun mai karatu tun kafin ya fara, tana kuma nuna cewa an miƙa wa mutane aikin da mai shi kansa bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Iyakar abin da aka yarda a rubuta a saman shafin farko shi ne nau'in aikin, da taƙaitaccen bayanin abin da ya gabata idan babi ne daga tsakiyar littafi, da gargaɗi idan akwai zubar da jini ko cin zarafi a ciki.

Dokar ramuwa ma tana da tsauri. Duk wanda bai aika wa sauran rubutaccen sharhinsa kafin zama ba, ya rasa layinsa na gaba. Ban ga wanda aka ɗaga wa ƙafa a kan wannan ba.

Zuciyar tsarin ita ce dokar da ta wajabta wa marubuci yin shiru yayin da ake magana a kan aikinsa. Masu zauren ba su suka ƙirƙiro ta ba. Ana yawan danganta ta da shirin horar da marubuta na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda aka kafa a 1936. A Jamus kuma, ƙungiyar marubutan da ake kira Gruppe 47, wadda Hans Werner Richter ya jagoranta daga 1947 zuwa 1967, tana zaunar da marubuci a wata kujera da suka yi wa laƙabi da kujerar lantarki, wato irin wadda ake zartar da hukuncin kisa a kanta, ya karanta aikinsa, sannan ya saurari suka ba tare da damar kare kansa ba. Amma siffar da wannan zaure ya ara ita ce ta taron Milford, wanda wasu marubutan ƙagaggun labaran kimiyya suka fara a jihar Pennsylvania a 1956, kuma bitar Clarion ta makonni 6 ta ɗora a kansa daga 1968. A wannan siffa ana raba rubutu tun da wuri, kowa ya yi magana bi da bi cikin 'yan mintoci ba tare da an katse shi ba, sai a ƙarshe marubuci ya samu damar buɗe baki. A nan an ba kowane mai sharhi minti 3, jagora kuma tana kashe makirufon marubuci da kanta har sai an gama zagaye.

Hikimar abin tana fitowa ne a fuskar wanda aka hana magana. A wani zama an duba gajeren labarin wani matashi, inda tauraruwar ta bar gidan mijinta a shafi na ƙarshe, sai mutum uku a jere suka ce ba su gane abin da ya tunzura ta ba. Ana ganinsa a allo yana girgiza kai, ya ɗago takardar yana nuna wani wuri da yatsa, leɓɓansa na motsi amma ba a jin komai. Da mutum na huɗu ya maimaita wannan ƙorafi, sai ya ajiye takardar ya ɗauki alƙalami. Da an bar shi ya yi bayani tun a kan mutum na farko, da kowa ya gamsu da bayanin, a wuce, alhali kuwa dalilin yana nan cikin kansa bai sauko kan shafi ba, kuma wanda zai sayi littafin wata rana ba zai samu marubucin zaune kusa da shi yana fayyace masa ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta dokar, kuma na ga ta yi aiki ba sau ɗaya ba.

Masu sharhi su ma ba a sake musu linzami ba. An shar'anta musu su yi magana a kan rubutu, su bar marubuci, wato a ce wannan tattaunawa ta yi tsawo, kada a ce kai mai yawan surutu ne. Duk wanda ya yi yabo ko suka sai ya nuna shafin da ya dogara da shi, saboda haka kalmomi irin su ya yi daɗi ko bai burge ni ba ba sa shiga lissafi idan ba a biyo su da hujja ba. An hana ɓata lokacin zama wajen gyaran ƙa'idojin rubutu da alamomin tsayawa, sai dai a yi musu alama a takarda a mayar wa mai ita. Dokar da aka fi takawa ita ce wadda ta hana mutum sake rubuta wa wani labarinsa. Wata rana wani ya fara cewa da shi ne da zai kashe tauraron tun a babi na biyu, sai jagorar ta dakatar da shi cikin natsuwa ta ce, “Malam, ba labarinka muke dubawa ba yau. Gaya mata inda hankalinka ya fara barin tauraron, ita za ta san abin da za ta yi da shi.” Ya ɗan yi jim, ya koma takardarsa, ya nuna wani dogon sakin layi na tuna baya a shafi na 4, kuma wannan ya fi wa marubuciyar amfani nesa ba kusa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a zauren da babu mai tsawatarwa, da yawa daga masu cewa a gyara rabon suke nema.

Duk da haka dokar shirun tana da rauni, kuma masu zauren ba su yi masa tanadi ba. Tana aiki ne idan masu karatu sun fahimci irin abin da marubuci ya nufa, suna auna ko ya cim masa. Idan kuwa sun kuskure hanya tun daga farko, sai a shafe kusan rabin sa'a ana gyara abin da ba shi aka rubuta ba. Na shaida haka a kan wata da ta kawo labarin barkwanci mai habaici, inda mai magana na farko ya ɗauke shi a matsayin labarin tausayi, sauran kuma suka bi sahunsa, kowa na ba ta shawarar yadda za ta ƙara wa labarin taɓa zuciya. Da an bar ta ta faɗi jumla ɗaya, da zaman ya dawo kan hanya. Haka abin yake ga duk wanda ya rubuta a kan rayuwar da sauran ba su sani ba, domin sukan ɗauki abin da ya zo musu baƙo a matsayin kuskure, shi kuwa an ɗaure masa baki.

Akwai hanyar da ta magance wannan tun da daɗewa. A 1990 wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, ta fito da tsari mai matakai 4 wanda daga baya malaman rubutu da yawa suka ara. Masu sauraro kan fara da faɗin abin da ya tsaya musu a rai, sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin, sai su yi masa tambayoyin da ba a ɓoye hukunci a cikinsu ba, sannan a ƙarshe duk mai ra'ayi ya faɗi a kan me ra'ayin nasa yake, ya nemi izini kafin ya bayyana shi, mai aikin kuma yana da ikon ya ce ba ya bukata. Ba na cewa a jefar da tsarin Milford gaba ɗaya, domin neman izini kafin kowace suka yana iya zama mafaka ga marubucin da ba ya son jin abin da ya fi bukatar ji. Amma da za a bar marubuci ya rubuta tambayoyi biyu a saman aikinsa, a kuma ba jagora ikon tsayar da zagaye idan ta ga an ɓace, da an toshe mafi yawan ɓarakar. Minti 5 ɗin da ake ba shi a ƙarshe yawanci a godiya suke ƙarewa.

Ƙorafina na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa abin da aka biya kuɗi dominsa. A tsakiyar zango an canja mana jagora na ɗan lokaci ba tare da sanarwa ba, kuma wanda aka kawo ya kasa riƙe agogo a kan waɗanda suka daɗe a zauren. Wani tsohon ɗan zaure yakan ninka lokacinsa yana kawo misalai daga nasa littafin da ke kan hanya, duk da cewa takardar dokoki ta hana tallata kai a lokacin zama, sababbi kuwa ana yanke su da zarar lokaci ya cika. Cikin ɗan lokaci masu kunya suka rage magana, sharhinsu ya koma na amince da abin da wane ya faɗa, wanda shi ma an hana. Dokokin suna nan a rubuce kamar yadda suke, zaman ne ya lalace. Da jagorar farko ta dawo komai ya koma daidai, abin da ya tabbatar mini cewa ingancin hidimar ya rataya ne ga mutumin da aka dace da shi, kuma masu zauren ba su horar da jagororinsu a kan mizani ɗaya ba.

A ɓangaren amana sun yi ƙoƙari. An haramta nuna wa wani na waje rubutun ɗan zaure, ko ɗaukar hoton allo, ko zuba aikin wani a cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira domin ta rubuta maka sharhin. Wannan rufin asiri yana da amfani na zahiri, saboda mujallu da gasanni da yawa ba sa karɓar aikin da aka riga aka baza wa jama'a, alhali karatu a rufaffen zaure ba a saba ƙirga shi a matsayin wallafawa ba. Takardar ta kuma yi bayani daidai cewa a ƙasashe fiye da 180 da ke cikin Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta, wadda aka fara ƙullawa a 1886, haƙƙin mallakar rubutu ba ya jiran rajista, sannan ta ƙara da gaskiyar da masu tsoron satar fasaha ba sa son ji, wato doka tana kare kalmomin da aka rubuta da yadda aka sarrafa su ne, ba ta kare gundarin tunani. Wanda ya ji jigon labarinka ya tafi ya gina nasa a kai, kunya da dokar zaure ne kaɗai za su hana shi. Inda suka bar giɓi shi ne ana naɗar kowane zama domin wanda bai samu halarta ba, amma babu inda aka faɗi tsawon lokacin da ake ajiye bidiyon ko waɗanda ke da ikon kallonsa.

Haɗa rukuni ana yinsa ne bisa lokacin da mutum ke da sarari, ba bisa nau'in rubutunsa ba, don haka mai waƙa yana iya samun kansa cikin marubutan zube zalla. Ga masu ƙagaggen labari wannan bai cika yin illa ba.

Wanda ke da kammalallen daftari, ya gaji da yabon abokai, kuma yana da lokacin karanta ayyukan mutane a kowane mako da alƙalami a hannu, zai ci ribar kuɗinsa, musamman ma da yake yawancin abin da ake koya yana zuwa ne daga tilasta wa kai bayyana dalilin da ya sa shafin wani bai yi aiki ba. Wanda bai gama ko da gajeren labari ɗaya ba gara ya dakata, domin ra'ayin mutum 7 a kan aikin da bai tsaya da ƙafarsa ba yana iya kashe masa gwiwa, mai neman a tace masa littafi jumla bayan jumla kuma edita yake bukata. Duk mai niyyar shiga ya tambaya kafin ya biya ko jagora ɗaya ne zai riƙe rukunin har ƙarshen zango, ya kuma nemi a rubuta masa yaushe ake goge bidiyon zaman.