Gargaɗi ga mai neman ƙaramar jif: motar tana nan, amma ba ta mai tallar ba ce

Kashi 40 cikin 100 na kuɗin motar da na yi wata 14 ina tarawa sun tafi hannun mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba. Na tura masa kashi 30 da farko, sannan na ƙara kashi 10, kuma da hannuna na tura, babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Na yi kwana tara ina jinkirin rubuta wannan bayani saboda kunya, domin na san akwai masu karantawa su ce ai wauta ce. Ina roƙon duk mai shirin faɗin haka ya karanta har ƙarshe tukuna, ya ga irin binciken da na yi kafin kuɗina su fita.

Motar zirga-zirgar yau da kullum nake nema, wadda za ta kai ni wurin aiki, ta kai yara makaranta, ta kuma ɗauki kaya idan buƙata ta taso. Na tsaya a kan ƙananan jif, waɗanda aka gina a kan jikin ƙaramar mota amma aka ɗaga su daga ƙasa, domin suna da faɗin ciki kuma ba su kai manyan jif shan mai ba. Bayan dogon nazari zaɓina ya rage tsakanin guda biyu na hannu, Toyota RAV4 da Honda CR-V, dukkansu ƙirar 2015. A nan na maƙale har kusan wata biyu. RAV4 ƙirar 2015 tana da inji mai lita 2.5 da giya mai sarrafa kanta mai hawa shida, irin wadda kowane bakanike ya saba da ita. CR-V kuma tana da inji mai lita 2.4, kuma a ƙirar 2015 ne aka sauya mata giya zuwa wadda ake kira CVT, wadda ba ta da hawa-hawa, tana aiki ne da bel na ƙarfe a tsakanin gargare biyu, shi ya sa ta fi ƙarancin shan mai, amma tana buƙatar man giyarta na musamman. Dukkansu fulogi huɗu ne. Zuciyata tana wajen CR-V saboda mai da kuma yadda kujerun bayanta suke kwanciya da jan hannu ɗaya, hankalina kuma yana wajen RAV4 saboda sauƙin gyara. Na kawo wannan duka ne don a san cewa ba da ka na shiga neman mota ba.

A wani shafin tallar motoci na intanet na ga mutumin ya ɗora motocin biyu, ɗaya kusa da ɗaya, kamar wanda ya leƙa zuciyata. CR-V ɗin ta fi tsada kaɗan. Na kira shi da niyyar tambayar CR-V, muka yi kusan minti 40 muna magana, kuma a cikin wannan hira ce ya faɗi kalmar da har yanzu take hana ni barci. Cewa ya yi: "Yallaɓai, in don ribata ce sai in ce ka ɗauki CR-V, amma tunda ka ce kullum za ka hau ta kuma ba ka son yawan zuwa gareji, wallahi RAV4 ce ta dace da kai." Wato ya hana ni sayen wadda ta fi tsada. Na ajiye waya na ce wa maiɗakina na samu dillali mai tsoron Allah, domin ban taɓa jin ɗan damfarar da zai rage wa kansa riba ba. Na maimaita wannan jimla tasa a raina ya fi sau ɗari. Yanzu ne na gane cewa babu abin da ya rage wa kansa, tunda ko ɗaya daga cikin motocin ba tasa ba ce, duk wadda na zaɓa kashi 30 ɗin aljihunsa za su shiga. Abin da ya saya da wannan shawara shi ne yardata, kuma ya same ta a araha.

Ranar da na je filin da motar take, mai wurin ya dube ni ya ce, "Malam, wa ka ce ya aiko ka?" Na faɗi sunan, ya ce bai taɓa jin sa ba. Ga RAV4 ɗin nan a gabana, fara, da ɗan ƙarcen nan a bamba ta baya wanda aka nuna mini a bidiyo. Amma na yi gaba da labari, bari in koma baya.

Kafin in tura ko da kashi ɗaya na nemi lambar shasi, ya turo mini hotonta nan take, wadda take ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma wadda take jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma biyun sun dace da juna. Na ƙirga, harufa da lambobi 17 cif, babu harafin I ko O ko Q a ciki, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ta fara da 2T3, wato Toyota da aka haɗa a Kanada, kuma harafi na goma F ne, wanda shi ne alamar ƙirar 2015, da D ne sai in san 2013 ce ake so a sayar mini da sunan sabuwa. Ban tsaya nan ba, na biya kuɗi aka fitar mini da rahoton tarihin motar, babu babban hatsari, babu alamar ta taɓa nutsewa a ambaliya, kuma tafiyar da ke cikin rahoton ta yi daidai da abin da agogon motar ya nuna a bidiyo. Na tura wa bakanikena bidiyon da aka tayar da injin, ya saurara ya ce sautin lafiya lau. Ina tambayar masu cewa wauta ce: mutum nawa ne a cikinku suke duba harafi na goma kafin su sayi mota? Duk abin da na bincika gaskiya ne. Motar gaskiya ce, lambar gaskiya ce, rahoton gaskiya ne. Abu ɗaya ne ban bincika ba, wato ko mutumin da nake magana da shi yana da ikon sayar da ita, kuma lambar shasi ba ta amsa wannan tambaya, domin duk wanda ya tsaya kusa da mota yana iya ɗaukar hotonta ta gilashi.

Daga baya mai filin ya bayyana mini cewa mutane da yawa suna shigowa kamar masu saye, su buɗe ƙofa, su sa a tayar musu da inji, su ɗauki bidiyo ciki da waje, su ce za su nuna wa iyali, su tafi. Ba ya iya tuna fuskar kowa. Ke nan bidiyon da na zauna ina kallo dare da rana, ina tsayar da shi ina duba tayoyi, wani ne ya ɗauke shi a matsayin mai saye, ya dawo ya sayar mini da shi a matsayin mai mota.

Maganar kuɗi ta taso ne kwana uku bayan hirar farko, a'a, kwana huɗu, domin sai da na sake kiransa na ce har yanzu CR-V ɗin tana raina. A wannan kira na biyu ya nuna kamar ya ɗan ji haushi, ya ce shi ya riga ya ba ni shawara tsakani da Allah, sauran ya rage nawa, amma in sani akwai wani da zai zo ganin RAV4 ɗin da kuɗinsa a hannu. Ya ce ba ya so ta wuce ni bayan duk wahalar binciken da na sha, don haka in ba da kafin alƙalami ya cire ta daga talla. Na ce zan ba da kashi 10, ya ce mai motar ba zai saurare shi ba sai da kashi 30. A nan ya kamata in farka, domin a hirar farko cewa ya yi motocin nasa ne, yanzu kuma ga wani mai mota ya ɓullo. Na ji wannan saɓani da kunnena, na kuma ba shi uzuri da kaina, na ce ai haka dillalai suke magana. Wata biyu na kasa yanke shawara tsakanin motoci biyu, sai ga shi cikin minti 20 na yanke shawarar tura kashi 30 na abin da na tara, saboda tsoron kada wani ya riga ni. Ya san cewa wanda ya gaji da ruwan ido yana neman wanda zai yanke masa hukunci ne kawai, shi kuma ya yanke mini.

Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ba shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Na tambaya, ya ce asusun ƙaninsa ne mai riƙe masa lissafi. Na tura. Ya turo mini rasit mai ɗauke da hatimi da lambar shasin motar, ya kuma cire RAV4 ɗin daga shafin a daren, ya bar CR-V ita kaɗai, ni kuwa da na ga haka sai hankalina ya kwanta, na ce ga alƙawari ya cika. Kashi 30 ke nan.

Kashi 10 ɗin su ne suka fi ci mini rai, domin a lokacin na riga na fara jin wani abu a jikina. Yayana ya tambaye ni, "Kai, ka ga motar nan da idonka kuwa?" Na ce masa, "Yaya, na ga abin da ya fi gani da ido, na ga tarihinta gaba ɗaya." Haka na faɗa, da bakina, har da ɗan fushi. Washegari mutumin ya kira ya ce ana buƙatar kuɗin sauya takardu zuwa sunana da na direban da zai kawo ta, don kada in sha wahalar tafiya, kuma za a cire su daga cikon kuɗin. Na yi ta jujjuya maganar, amma sai na ga idan na ƙi, kamar na amince ke nan cewa kashi 30 na farko sun salwanta, kuma ban shirya amincewa da haka ba. Na tura kashi 10 don in tabbatar wa kaina cewa kashi 30 suna nan lafiya. Jimla kashi 40 cikin 100.

Ranar da aka ce motar za ta iso, ya ce direba ya samu matsalar taya. Kashegari ya ce ana rashin lafiya a gidansu, na har yi masa addu'a. Rana ta uku wayar ta daina shiga, tallar CR-V ɗin ma ta ɓace daga shafin. A bidiyon ne na hango wani allo a bango can baya, na yi ta ƙara girman hoton har na karanta sunan filin, na nemi adireshinsa na tafi. Da na yi wannan ƙoƙari tun kafin in tura kuɗi, kira ɗaya zuwa ga mai filin ya isa ya tona asirin komai, kuma allon yana cikin bidiyon tun ranar farko, ina ta duban tayoyi ban dube shi ba. CR-V ɗin kuwa ba ta ma cikin wannan fili, mai wurin ya ce bai taɓa ajiye ta ba, wato daga wani wurin daban aka ɗauko hotunanta.

Na kai ƙara wurin hukuma, na kuma sanar da bankina a rubuce. An karɓi bayanina, an ce kuɗin sun bar asusun da na tura su a ranar da suka shiga, ana ci gaba da bincike. Ba zan ambaci sunan da ya ba ni ba, domin ina da yaƙinin na bogi ne, kuma ba na so in jawo wa wani mai irin sunan bala'in da bai ji ba bai gani ba.

Ga mai neman mota: kada ka ba da kafin alƙalami sai ka taɓa motar da hannunka, ka ga takardunta na asali, ka ga sunan da ke kansu ya dace da katin shaidar mai karɓar kuɗin da kuma sunan asusun. Idan aka ce wani yana zuwa da kuɗi a hannu, ka bar masa.

Ina da hotunan hirarmu duka, da rasit ɗin bogin, da shaidar tura kuɗi sau biyu, ta kashi 30 da ta kashi 10, da saƙon muryar da ya maimaita cewa in don ribarsa ce sai ya ce in ɗauki CR-V. Zan ɗora su a nan da zarar na rufe lambobin asusuna da bayanan da masu bincike suka ce kada in fitar tukuna, musamman saƙon muryar, domin ina so mutane su ji yadda muryar take da natsuwa, su daina tunanin cewa ɗan damfara yana da wata alama da ake ganewa. Har yanzu ina ganin shawarar da ya ba ni a kan motar daidai ce, RAV4 ɗin ce ta dace da ni, kuma wannan yana cikin abin da yake ƙona mini rai. Mai filin ya tausaya mini, ya buɗe mini ita na zauna a kujerar direba, ya ce idan ina so zai rage mini wani abu. Na yi lissafi a tsaye a wurin, abin da ya rage a hannuna kashi 60 ne, ko da ragin ba za su kai ba. Na fito na rufe masa ƙofar motarsa na yi godiya.