Wasiƙa daga Kuala Lumpur: inda kuɗin talaka ke kwana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ya kasuwa, ya jikin Inna? Saƙon muryarka na ranar Juma'a ya iso, kuma na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo, inda ka ce wai in gaya maka gaskiya tsakani da Allah, bankunan Maleshiya ma suna haɗiye kuɗin mutum su ce netwok ne? Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da inda muka fi su, don kada ka ce na zo ƙasar mutane na raina gida. Buɗe asusu a nan ya ba ni wuya. Sai da na kai fasfo, da biza, da takarda daga jami'a, aka ce in dawo, na dawo aka sake cewa in dawo. A Samaru kuwa yaro mai lambar BVN ko NIN zai buɗe OPay ko Moniepoint a wayarsa kafin mai shayi ya gama soya masa ƙwai. Tura kuɗi nan take ma ba baƙonmu ba ne, tun 2011 muke da shi. Matsalarmu ita ce ranar da ya maƙale. Ka tuna kuɗin maganin Inna da na tura kafin in taho, aka cire a wajena bai shiga wajenka ba, na yi kwana tara ina zarya wani banki a PZ, kullum a cike takarda, kullum a dawo gobe. A nan ban taɓa ganin haka ba tukuna. Mai sayar da gurasar da suke kira roti canai yana da ɗan hoton QR manne a teburinsa, ka haska waya ka wuce. Kuma babu masu POS a ƙarƙashin lema, saboda in ka je ATM akwai kuɗi a ciki. Da na ba wani abokina labarin farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda muka riƙa sayen naira da naira, ya ɗauka zolaya nake yi. Ko da yake, in aka ce yau a rufe POS a Zariya, matasa nawa za su koma zaman dakali? Abin da ya zama ciwo ga wani, shi ne abincin wani.

Amma duk wannan ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne wata hukuma da suke kira Tabung Haji, wato asusun aikin Hajji.

Wani masanin tattalin arzikinsu, Ungku Aziz, shi ya lura a ƙarshen shekarun 1950 cewa mutanen karkara suna ɓoye kuɗi a ƙarƙashin matashi ko cikin tulu saboda gudun riba, in lokacin Hajji ya zo su sayar da gona ko shanu, su je su dawo da sunan Alhaji amma babu abin noma. Ina karanta wannan sai Baba ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa, da bijimai biyun nan da gonar hanyar Shika. A 1963 aka buɗe asusun da mutum 1,281. Yau masu ajiya sun haura miliyan tara. Uwa takan buɗe wa jaririnta tun yana goye, ana zuba ɗan abin da ya samu. Su kuma hukumar ba ajiyewa kawai suke yi ba, juya kuɗin suke yi a gonakin kwakwar manja, da gine-gine, da hannun jarin kamfanoni, su fitar da zakka, su raba wa masu ajiya abin da ya samu a shekara. Da aka zo kafa bankin Musulunci na farko a ƙasar a 1983, kuɗin waɗannan talakawan yana cikin jarin da aka kafa shi da shi. Mu sai 2012 Jaiz ya buɗe ƙofa, bayan an sha cacar baki kamar za a raba ƙasa. Abin mamaki, babban bankinsu da namu shekara ɗaya suka fara aiki, 1959.

Ba na cewa babu aibu. A 2018 an gano abin da ake bin hukumar ya fi abin da ta mallaka, sai da gwamnati ta sa hannu. Kujerunsu ma kaɗan ne, 31,600 Saudiyya ke ba su a shekara, mu da aka ba 95,000 a 2025, don haka layin jira ya haura shekara ɗari ga wanda ya yi rajista yanzu. Kuma ni baƙo ba ni da damar shiga. Amma dubi dabarar: adashe ne, irin wanda matan gidanmu ke yi, sai dai uwar adashen ba ta barin kuɗin ya kwana a ƙasan adaka.

Na san abin da za ka ce, ai hukumar alhazanmu NAHCON ma ta buɗe irin wannan tare da Jaiz a 2020. Haka ne. To amma wa zai yi tarin shekara goma da naira? Kujerar da ba ta kai miliyan 3 ba a 2023, ta haura miliyan 8 a 2025. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a gida ta kusa kashi 35 cikin ɗari, a nan ba ta kai kashi 2 ba. Shi ya sa na daina yi maka gardama a kan buhunan masarar da kake tarawa a sito in an yi kaka a Giwa, maimakon ka bar kuɗin a banki. Da nake gida ina ɗauka rashin wayewa ne. Ashe lissafinka ya fi nawa.

Ka kuma tambaye ni mene ne bankin zuba jari, tunda ka ji na ambata. Dillali ne, Yaya, ba wani abu ba. Ba ya karɓar ajiyarka a kanta, ba ya ba ka katin ATM. Gwamnati ko babban kamfani na neman maƙudan kuɗi don titi ko masana'anta, can kuma ga asusun fansho da kamfanonin inshora da masu hannu da shuni suna neman inda za su sa nasu. Shi ke shiga tsakani, ya tsara takardun, ya yanke farashi, ya nemo masu saye, ya cire la'adarsa. Manyan bankunansu irin Maybank da CIMB duk suna da wannan reshe. Kuma kayan da suka fi ƙwarewa a kai shi ne sukuk, wato takardar da ke ba ka kaso a wata kadara kana cin hayarta, maimakon ka ba da bashi da ruwa. A 1990 wani reshen kamfanin Shell ya fara fitar da shi a nan, a 2002 gwamnatinsu ta kai shi kasuwar duniya da dala miliyan 600. Tamu gwamnatin ta fara a 2017 da naira biliyan 100, su ne allunan nan da kake gani a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wannan kam na yaba, domin an ɗaure kuɗin da titi takamaimai, ana iya zuwa a gani da ido.

Sai dai dillali ko na ina ne, dillali ne. Kai da ke kasuwa ka fi ni sanin wanda ke cin mai saye ya ci mai sayarwa. A 2012 da 2013 bankin Goldman Sachs na Amurka ya nemo wa wani asusun gwamnatin nan mai suna 1MDB dala biliyan 6.5, ya ɗauki kusan miliyan 600 a matsayin la'ada. Kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan! A kasuwar Giwa aka yi haka sai an kai ga Sarkin Kasuwa. Kaso mai yawa na kuɗin kuma ya bi ta bayan gida, aka sayi jirgin ruwa na alfarma da gidaje a ƙasashen waje. Bambancin kawai, nan abin ya ci kujera. Jam'iyyar da ke mulki tun samun 'yanci ta faɗi zaɓen 2018, bankin ya amince a 2020 da sulhun dala biliyan 3.9, Firaminista na lokacin, Najib Razak, ya shiga gidan yari a 2022. Direban tasi ma in ka taɓo zancen sai ya rage gudu ya ba ka tarihi.

Su ma bankunansu sun taɓa durƙushewa, a rikicin kuɗin Asiya na 1997. Suka kafa hukumar sayen rubabben bashi, Danaharta, a 1998, ta gama aikinta aka rufe ta a 2005. Tamu AMCON tun 2010 take, bayan Sanusi Lamido, gwamnan babban bankinmu na lokacin, ya kori shugabannin wasu bankuna. Mu dai kullum maganinmu a ƙara jari: Soludo yana gwamnan babban banki ya ce naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Cardoso da ya hau kujerar daga baya, a 2024 ya ce manyan su kawo biliyan 500. Ban ƙi ba. Abin da nake tambaya, in jarin ya ƙaru, kai mai sito a Sabon Gari za ka samu rancen sayen hatsi? A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan babban bankinmu kashi 27.5 ne, nasu kashi 3. Bankin da zai sayi takardun bashin gwamnati ya kwanta ya ci riba mai tsoka, me zai kai shi neman manomin tumatir a bakin Galma, wanda ba shi da takardar fili?

Akwai ƙaramin abu ɗaya da na so a ce muna da shi. Suna da kantunan jingina na Musulunci da suke kira Ar-Rahnu, har bankuna na yi. Mace ta kai sarƙar gwal, a auna, a ba ta kuɗi a ranar, ta juya sana'arta, bayan 'yan watanni ta biya ta karɓi abarta. Na tuna yadda Anti ta sayar da awarwaronta na Makka da asara lokacin kuɗin makarantar yara, har yau in an yi zancen sai ta yi shiru. Ka faɗa mata wannan, ka ji me za ta ce.

Na tura ɗan abin da ya samu na wannan watan, ka duba alat, in bai shigo ba zuwa Litinin ka sanar da ni kafin ka je ka kama layi. Rabin na Inna ne, sauran ka sa mini a masara tare da naka. Akwai wani ɗalibi da zai taso daga Kongo ta Zariya ƙarshen wata, a ba shi kuka da daddawa, amma a naɗe daddawar sosai, wancan karon sai da ma'aikatan filin jirgi suka buɗe jakar.