Shagon Rabbit Hash a Kentucky: Abin da Mai Zuwa Zai Tarar

Rabbit Hash ɗan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Boone ta jihar Kentucky a Amurka, a gaɓar kogin Ohio, yana fuskantar garin Rising Sun na jihar Indiyana da ke tsallaken ruwa. Ba shi da majalisar gari, ba shi da hukumar kansa. Hanya da tsaro da sauran ayyukan gwamnati duk suna hannun gunduma, wadda hedikwatarta ke Burlington. A irin wannan wuri shago ne cibiyar gari, kuma shagon da ake kira Rabbit Hash General Store ya riƙe wannan matsayi tun 1831.

Da farko sunan wurin Carlton. Da aka buɗe gidan waya a 1879 sai wasiƙu suka riƙa ɓacewa zuwa Carrollton, wani gari da ke ƙasa a kan kogin, shi ya sa aka koma ga sunan da mutanen yankin suka saba kira, wato Rabbit Hash, ma'ana dafaffen naman zomo da Turanci. Labarin da ake bayarwa shi ne ambaliya ta taɓa koro zomaye zuwa tudu, jama'a suka yi ta dafa su.

Ginin na katako ne, fari, da baranda a gaba da allon Coca-Cola a sama. An ɗaure shi da ƙasa da sandunan ƙarfe, kuma wannan dabara ce ta hana babbar ambaliyar 1937 tafiya da shi, alhali ruwan ya kwashe wasu gine-ginen ƙauyen. Abin da ruwa ya kasa, wuta ta yi: a daren 13 ga Fabrairu 2016 gobara ta cinye shi. Ƙungiyar tarihin ƙauyen, wadda ita ce mai ginin, ta tara gudummawa, aka sake gina shi da tsofaffin katakai da aka samo daga wasu gine-gine na yankin, aka buɗe a ranar 1 ga Afrilu 2017. Ya kamata baƙo ya san wannan tun kafin ya iso. Abin da zai gani sabon gini ne a kan tsohon fasali, amma aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma shagon bai fita daga rajistar wuraren tarihi ta ƙasa ba, inda ya shiga tun 1989.

A ciki akwai lemon kwalba, alewa irin ta da, sabulu da kyandir na aikin hannu, riguna masu sunan ƙauyen, da kayan tsaraba. Ana kuma sayar da giya, don haka mai kiyaye abin da yake sha ya duba kwalba kafin ya ɗauka. Da sanyi ana hura murhun itace a tsakiyar shago. Wanda ya zo neman cefane ko abincin rana mai nauyi zai koma da yunwa, domin kayan ciye-ciye ne suka fi yawa. Gara a ci abinci a hanya, a kuma sha mai tun daga garin Union ko Florence da ke kan hanya.

Hanyar ba wuya, sai dai tana da kwana. Daga babban titin I-71/75 a sauka a mahaɗar Mt. Zion, a bi titin KY 536 yamma ta Union har gaɓar kogi, sannan a shiga Lower River Road inda shagon yake. Daga birnin Cincinnati na jihar Ohio tafiyar ba ta cika kai awa ɗaya ba, kuma babban filin jirgin saman birnin ma a cikin gundumar Boone yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga Rising Sun kusa a taswira a ɗauka akwai gada. Babu. Gadoji mafi kusa su ne ta titin I-275 a arewa da ta madatsar ruwan Markland a kudu, kowace da zagaye mai nisa. Haka kuma a ƙarshen hunturu da farkon bazara kogin kan cika ya hau hanyar bakin ruwa, saboda haka a duba matakin ruwa kafin a tashi.

Asabar da Lahadi, idan gari ya yi daɗi, masu babura kan cika wurin, ga ƙarancin wajen ajiye mota. Mai son ya zauna a baranda ya kalli jiragen dakon kaya suna wucewa ya zo ranar aiki da hantsi.

Ƙauyen ya kuma yi suna da zaɓen kare a matsayin magajin gari tun 1998. Muƙamin ba shi da iko ko kaɗan, hanya ce ta tara kuɗi: kowace ƙuri'a dala ɗaya, mutum na iya jefawa sau nawa yake so, kuɗin kuma na tafiya wajen gyaran tsofaffin gine-ginen. Awa ɗaya ko biyu ta ishi mutum ya zaga shagon da kewayensa, kuma ya cancanci a ratse dominsa idan ana yankin Cincinnati.