Ledojin noman laimar kwaɗi da na yi odarsu daga Jos

Ƙungiyar lambu ta matan unguwarmu a Kaduna ta shirya gasa, kowa ta fito da abin da ta noma a gida. Masu fili suka kama alayyahu da tumatir da zogale. Ni kuwa gidan haya nake, sai ɗan sito a bayan kicin, shi ya sa na yi odar ledojin noman laimar kwaɗi daga wani matashi a Jos, ya sa mini a motar haya.

Kayansa ba laifi. Kowace leda an danƙare ta da garin katako da dusa, an turara a durom don kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka zuba irin da aka raina a jikin ƙwayar dawa. Sun iso sun riga sun yi fari fat, alamar irin ya gama cin ledar, wanda yakan ɗauki mako 3 zuwa 4 a wuri mai duhu. Aikina kawai in tsaga ledar da reza, in riƙa fesa ruwa. Cikin mako guda ƙananan kawuna suka ɓullo, kafin in ankara sun buɗe curi-curi kamar kunnuwa. Na yi girbi na farko mai auki, na biyu ya ragu, na uku kam sai haƙuri. Haka abin yake, abincin cikin ledar ne ke ƙarewa.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayani. Takardar da ya haɗo da ita cewa kawai ta yi a riƙa ba da ruwa. Ai ba ruwan sha laimar kwaɗi take so ba, laima take so a iska, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari.  A nan, da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai bakin kawunan ya bushe ya tsage. Sai da na jiƙa buhunan algarara na rataya a bango, na ajiye baho da ruwa a ƙasa, sannan suka dawo hayyacinsu. Kuma kar a toshe ɗakin ruf, in babu iska sai kara ya yi tsawo, hular ta tsumbure. Leda ɗaya ta yi koren fumfuna, na yar da ita nesa kafin ta shafi sauran. Da na kira shi bai yi musu ba, ya ce zai musanya a oda ta gaba.

A miyar agushi laimar kwaɗin ta yi daɗi sosai, maigida har ya nemi ƙari. Amma ba ta jure ajiya, ko a firij kwana kaɗan ne, sai dai a shanya.

Gasar dai wata Hajiya mai tumatir ce ta lashe, wasu alƙalan ma ƙin ɗanɗana tawa suka yi, wai guba ce. Ban ga laifinsu ba, wasu na daji suna kisa, ni ma ba na tsinkar su. Zan sake saya, amma sai damina ta kankama.