Dare ɗaya a Tibilisi: Tsohon Gari ko Dutsen Mtatsminda?

Alhaji, ka ce za ka raka 'yarka Tibilisi, babban birnin Jojiya, ta fara karatun likita, kuma bayan hidimar rajista da neman masauki dare ɗaya ne zai rage muku. An ba ka shawara biyu, Tsohon Gari da Dutsen Mtatsminda, kai kuma ba ka shiga wurin giya, shi ne kake tambaya wanne ya fi. Allah Ya sanya albarka a karatun. Ni Tsohon Gari zan ce maka, amma bari in baje maka su biyun ka auna da kanka.

Mtatsminda ba shi da dogon bayani. Dutse ne da ya yi wa birnin rumfa, tsayinsa wajen mita 770 daga matakin teku. Ana hawansa da wani ɗan jirgin ƙasa da igiya ke ja, wanda aka fara aiki da shi tun 1905, tasharsa ta ƙasa tana titin Chonkadze. A can sama akwai filin wasan yara, da babban lilo mai juyawa, da hasumiyar talabijin mai tsayin sama da mita 270 wadda ake ƙawata ta da fitilu. Shiga filin kyauta ne, sai dai jirgin da kayan wasan kowanne ana biya da katin wurin, wanda za ka saya a tasha. Daga bakin baranda za ka ga birnin gaba ɗaya shimfiɗe, fitilu iya ganinka. Ka sayi fonciki, wani soyayyen fulawa mai madara a ciki, ka kora da lemon Lagidze, wanda babu giya a cikinsa. Wuri ne mai kyau, ba na rage masa komai. Amma da ka gama kallo ka ɗauki hoto, to an gama. Birnin yana can ƙasa, kai kana sama, ba ku gaisa ba.

Tsohon Gari kuwa shiga cikinsa ake yi. Ku fara da la'asar sakaliya daga Gadar Zaman Lafiya, ta gilashi da ƙarfe, wadda aka buɗe a 2010 a kan kogin Mtkvari. Da kun tsallaka kun faɗa lambun Rike, inda motar igiya ke ɗaukar mutane ta sama da su, ta kan kogi da rufin gidaje, ta dire su kusa da ganuwar Narikala cikin 'yan mintuna. Asalin ganuwar nan tun ƙarni na 4 ne. Gefenta akwai mutum-mutumin Uwar Jojiya mai tsayin mita 20, da aka kafa a 1958 lokacin da birnin ya cika shekara 1,500: ƙwarya a hannu ɗaya don baƙo, takobi a ɗayan don maƙiyi. Kallon da za ka samu a nan bai kai na Mtatsminda faɗi ba, amma ya fi shi kusa. Kana ganin barandun katako masu sassaƙa, da kayan shanya, da cocin Metekhi a bakin gaɓa tana haskawa.

Abin da ya fi ja na ga wannan ɓangaren shi ne salla. In kuka gangaro daga ganuwar, Masallacin Juma'a na jan bulo yana nan a gindinta, a titin Botanikuri. Tun da hukumomin Tarayyar Sobiyet suka rushe masallacin 'yan Shi'a a farkon shekarun 1950 wajen aikin gadar Metekhi, Sunni da Shi'a a wannan masallaci ɗaya suke salla. Ga magariba a cikin jam'i, ga yarinya ta san hanyar masallaci tun kafin ka baro ta, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalili. A kan Mtatsminda kuwa sai dai ka nemi lungu ka shimfiɗa darduma. Ka lura, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, a Disamba kuma tun kafin shida.

Ƙasa da masallacin unguwar Abanotubani ce, ta gidajen wankan ruwan zafi. Hancinka ne zai fara sanar da kai kun iso, don ruwan yana da farar wuta, warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa da zafinsa, wajen digiri 38 zuwa 40, wato ya fi na Wikki da ke Yankari zafi sosai. Ɗakunan wankan a ƙarƙashin ƙasa suke, abin da ake gani a waje ƙubbobin bulo ne jere, tururi na fita ta ƙoƙonsu. A nan sai ka yi hattara. Ɓangaren jama'a, ko da yake an raba maza da mata, tsirara ake shiga, don haka ɗaki na keɓe za ka kama, ana biya da awa, naka daban na yarinya daban. Akwai mai cuɗa da ake kira mekise, mai goge jiki da wani safar hannu mai kaushi har dauɗa ta riƙa fita a nannaɗe. Ka faɗa tun a teburin karɓar kuɗi cewa namiji kake so, ka bar gajeren wandonka a jiki. Zoben azurfa a cire shi, ruwan yana baƙanta shi. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, kada ka daɗe a ciki, ka tafi da ruwan sha. Chreli Abano, mai fuskar shuɗin tayil, shi ya fi cika, gara a kama ɗaki tun da rana.

Inda Mtatsminda ya fi shi ne sauƙin ƙafa. Tsohon Gari hawa ne da gangara a kan duwatsun daɓe marasa daidaito, wasu lungunan ba su da isasshen haske. Mai ciwon gwiwa, ko mai tafe da ƙananan yara, ya nufi dutsen kawai, da rigar sanyi a hannu, don iskar saman tana kaɗawa ko da bazara. Haka nan Tsohon Gari yana da titin Shardeni, mashaya ce jere da juna, ga masu tare mutum suna ja. Ka bi ta gefe abinka.

Maganar abinci duk ɗaya ce a wuraren biyu: a tambaya kafin a ci. Khinkali, ƙullin fulawar da suke alfahari da shi, sau da yawa naman shanu ne haɗe da na alade. Ku nemi na dankali ko na cuku, ko khachapuri, burodi mai cuku, ko lobio, wake a tukunyar ƙasa. Abin da suke kira chacha barasa ce mai ƙarfi, kuma don karamci suke miƙa wa baƙo. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, ba sa jin haushi. Naman halal kuwa yana gidajen abincin Turkawa na titin Aghmashenebeli, kusa da tashar Marjanishvili.

Wajen komawa, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa da sha biyun dare, bayan nan sai tasi ta manhajar Bolt, wadda ke nuna kuɗi tun kafin ka shiga. Kuma ku kauce wa gaban Majalisa a titin Rustaveli da dare, tun 2024 ake yawan zanga-zanga a wurin, ɗaliba sabuwar zuwa ba ta da abin yi a can.