Godox AD200 Pro a filin wasa: sharhi bayan na ɗauki 'yan keke da 'yan ƙwallon kwando da ita

Idan tambayarka ita ce ko fitilar nan ta ɗaukar hoto, wato filasha mai batiri da ake kafawa daban da kyamara, za ta tsayar maka da ɗan keken BMX (ƙaramin keken tsalle-tsalle) cak a sama, taya na juyawa, ƙura na tashi, to amsata eh ce, amma da sharaɗi. Za ta yi da yamma ko a cikin zauren wasa, kuma sai ka yarda ka rage mata ƙarfi. Da tsakar rana, kana can nesa da ɗan wasa, wannan ba aikinta ba ne, kuma ba aikin kowace fitila mai girmanta ba ne. Na jima ina aiki da guda biyu, wajen masu keke, masu siketbod da 'yan ƙwallon kwando lokacin atisaye, abin da na gani ke nan zan faɗa.

Ita AD200 Pro ta fito a 2019, ƙanwa ce ga AD200 ta 2017. Ƙarfinta 200Ws ne (Ws, wat-sakan, shi ne awon ƙarfin walƙiya), wato kusan ƙarfin ƙananan filasha uku irin waɗanda ake ɗorawa a kan kyamara. Batirinta na litiyom ne, kamfanin ya ce yana kai walƙiya 500 a cikakken ƙarfi, kuma takan sake cika cikin sakan 1.8 idan ka zazzage ta duka. Kai biyu take zuwa da su, ɗaya mai gilashi mai tattara haske gaba, ɗaya ƙwai tsirara mai watsa haske ko'ina. Tana shiga aljihun jakar kyamara inda dogon gilashin kyamara ɗaya zai shiga. Duk wannan za ka gani a jikin kwali, ba shi ne ya sa na zauna rubutu ba.

Abin da ya kamata mai hoton wasanni ya fara dubawa shi ne tsawon lokacin da walƙiyar ke ɗauka daga kunnuwa zuwa mutuwa. Mutane sukan tsaya kan yawan wat, alhali ba girin-girin ba, ta yi mai. A cikakken ƙarfi walƙiyar AD200 Pro tana ɗaukar 1/220 na sakan. A ido wannan ƙiftawa ce, amma yi lissafi: mai keken da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a sakan guda, ke nan cikin 1/220 ya matsa kusan santimita huɗu da rabi. Fuskarsa za ta fito a jirge, wayoyin taya kuwa ba ma za ka gan su ba. Da walƙiyar ta sauko zuwa 1/4000, motsin nan ya koma milimita biyu da rabi, hoto ya tsaya. Hanyar samun gajeren lokacin ita ce rage ƙarfi, domin irin waɗannan fitilu suna da wata na'ura a ciki, IGBT, da ke datse wutar tun kafin ta gama zuba. Gwargwadon yadda ka rage, gwargwadon yadda walƙiyar ke gajarta, har zuwa wajen 1/15000 a can ƙarshe, inda ƙarfin ya koma 1/256. A wajena aiki yana fara kyau daga 1/8, kuma 1/16 ne wurin zamana idan hannu ko ƙwallo nake so su fito tsaf.

Ga wani wuri da masu talla ke wasa da hankalin mai saye. Ana auna tsawon walƙiya iri biyu. Akwai t0.5, wanda ke ƙirga lokacin da hasken ke sama da rabin ƙarfinsa kawai, akwai kuma t0.1, wanda ke ƙirgawa har sai ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Lambar farko ta fi kyau a takarda, amma jelar hasken da ta bari a baya tana shiga hoto, ita ce ke jawo inuwar nan mai bin hannun ɗan wasa. A cikakken ƙarfi t0.1 yakan kai ninki uku na t0.5. Don haka in ka ga fitila an rubuta mata 1/1000 ba a faɗi wane awo ba, ka ɗauka t0.5 ne har sai an nuna maka akasin haka. Lambobin da na kawo a sama na t0.1 ne, kuma wannan gaskiyar tana cikin abin da ya sa na saki jiki da ita.

To amma rage ƙarfi yana da nasa haraji, nisa ne ke biya. Haske in ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Kan mai gilashi lambar jagorarsa 52 ce a ISO 100 (ISO shi ne awon yadda kyamara ke jin haske). Lambar jagora in ka raba ta da lambar f, wato awon buɗewar gilashin kyamara, sai ta ba ka nisan da fitila za ta kai a mita. Idan na sauko 1/8, lambar ta koma wajen 18, ma'ana a f/4 fitilar ba za ta wuce mita huɗu da rabi daga ɗan wasa ba. In na ɗaga ISO zuwa 400, sai in samu mita tara. Wannan ya ishe ni a gefen ramin siketbod, ya ishe ni a ƙarƙashin ragar kwando. Ga mai son haskaka ɗan ƙwallon ƙafa a tsakiyar fili daga bakin layi kuwa, lissafin ba ya fita ko ta wace hanya ka juya shi.

Sai batun hasken wurin da kansa. Walƙiya ba ta tsayar da motsi sai in ita ce ke mulkin hoton. Yawancin kyamarori ba sa daidaitawa da filasha sama da 1/200 ko 1/250, saboda shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga, labule biyu gare ta, kuma daga nan labulen shota na biyu yakan fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba. Cikin wannan 1/250 ɗin, duk hasken rana ko na fitilun zaure da ya faɗa kan ɗan wasa zai zana nasa hoton mai jirgewa a kan naka. Abin da nake yi shi ne in fara ɗaukar wurin ba filasha, in danne haskensa da mataki biyu zuwa uku (kowane mataki rabin haske yake ragewa) har ɗan wasan ya kusa zama inuwa, sannan in kunna fitilu. Shi ya sa awa ɗaya kafin faɗuwar rana da ɗan abin da ke bayanta suka fi min kowane lokaci. Sama tana da launi, ƙasa ta yi duhu, 1/16 ya wadatar. Idan kuma ina son jirgewar da gangan, sai in sauke shota zuwa 1/30, in sa walƙiya ta tashi da labule na biyu, zanen motsin ya biyo bayan mai keke maimakon ya riga shi.

Za a ce ai tana da HSS, wato tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da shota mai sauri, har 1/8000. Tana da shi, yana kuma aiki. Sai dai a fahimci abin da yake yi: fitilar takan daina walƙiya ɗaya, ta koma ɓarin ƙananan walƙiyoyi a jere har tsagar shota ta gama ratsa hoton. A nan shota ce ke tsayar da motsi, ita fitila ta zama kamar tocila mai ci na ɗan lokaci, kuma mafi yawan haskenta a jikin labule yake ƙarewa. Asarar takan kai mataki biyu ko fiye. Da rana tsaka, a ISO 100 da 1/250, kana wajen f/11. Raba 52 da 11, ka ga fitila ba za ta wuce mita biyar ba, a cikakken ƙarfi ma, inda walƙiyar ta fi tsawo. Ka shiga HSS kuma, sai ka jawo ta kusa da mita biyu. Mai keke da ke saukowa daga tsalle ba ya son ganin sandar ƙarfe a mita biyu da shi, ni ma ba na son ganinta a cikin hotona. Na yi amfani da HSS wajen hoton ɗan wasa a tsaye bayan atisaye, ya yi kyau ƙwarai. Ga motsi na gaske da rana, sai dai babbar fitila: AD600Pro mai 600Ws wadda ke cika cikin sakan 0.9, amma nauyinta kilo uku ne, ko kuma ka haɗa AD200 biyu a mariƙin AD-B2 su ba ka 400Ws.

Saurin cika shi ne abu na biyu da nake auna fitila da shi. A 1/16 tana bin ni idan na danne maɓalli na ɗan gajeren lokaci, hoto uku ko huɗu a jere duk da haske. A 1/2 kuwa hoton farko ne kaɗai naka. Ta koya min in daina fesa hoto, in jira ƙololuwar motsi, lokacin da ɗan wasa ya kai ƙarshen tashinsa kafin ya fara saukowa. A nan jiki ya fi tsayawa, a nan kuma siffa ta fi kyau. Kowace ƙaramar fitila tana da kariyar zafi da ke sa ta jinkirta in aka matsa mata a babban ƙarfi, wannan ma haka take. Ƙwan tsirara ya fi jure dogon aiki saboda iska na dukansa, shi nake sa wa kwanon haske idan na san zama zai yi tsawo.

Kan kayan tausasa haske ba zan ja magana ba. Lema da babban akwati a fili iska kawai suke tarawa, kuma suna cin hasken da ba ka da rararsa. Kwano ko kan mai gilashi, shi ke nan. Wasanni suna son haske mai kaifi, mai fito da tsoka da gumi. Nakan sa fitila ɗaya a gaba ta gefe, ɗaya a baya ta ɗaya gefen suna kallon juna, ɗan wasa ya ratsa tsakaninsu. Ta bayan ita ce ke raba shi da duhu, ita ce kuma ke kunna ƙura da feshin ruwa. Ka rataya wa kowace sanda jaka mai nauyi, ko ka samu mai riƙe maka.

Rimot ɗin XPro nake ɗorawa a kan kyamara. Yana aiki da rediyon 2.4GHz, an ce yana kai mita 100, ni dai ban taɓa neman rabin haka ba. Daga inda nake kwance nakan ƙara wa fitilar baya ƙarfi in rage ta gaba, ba sai na tashi ba. TTL kuwa, wato tsarin da kyamara ke auna haske ta saita ƙarfin fitila da kanta, a kashe yake. Riga fara ta wuce, baƙa ta biyo, sai awonsa ya riƙa sauyawa, alhali nisan fitila da wurin tsalle bai canza ba. Na saita da hannu sau ɗaya, na sa fokas a inda na san ɗan wasa zai biyo, sauran aikin na yatsa ne. A duba kuma: kyamarori da yawa marasa madubi ba sa tayar da filasha idan suna kan shotar lantarki, sai an koma ta ƙarfe.

Akwai wasu fitilun da suka cancanci a duba su. Profoto B10 mai 250Ws, wadda ta fito a 2018, tana da kyan gini da fitilar dindindin mai ƙarfi, sai dai tazarar 200 da 250 kashi ɗaya ne cikin uku na mataki, ba za ta sauya lissafin nisa ba. Elinchrom ELB 400 tana da kai na musamman mai suna Action, an yi shi don gajeren walƙiya, amma batiri daban, kai daban, waya a tsakani. Ƙananan filasha na kan kyamara ma suna tsayar da motsi sarai, matsalarsu dai da ka sauko 1/8 babu sauran abin da zai kai mita biyar. Wanda ke da Sony a9 III, wadda aka sanar a ƙarshen 2023, labarinsa daban ne, domin ba ta da labule, tana iya daidaitawa da filasha har 1/80000. Sauranmu muna nan da 1/250 ɗinmu.

Kafin ka kafa sanda, nemi izini. Gasa da yawa sun hana filasha gaba ɗaya, musamman wasannin tsalle-tsalle da duk inda dawaki suke, kuma da hujjarsu. Ko a atisaye nakan harba walƙiyar gwaji ɗan wasa yana tsaye a inda zai biyo, in tambaye shi ko ta dame shi. Fitila ba ta zama daidai idonsa a hanyar saukarsa, nakan ɗaga ta sama da kai in karkata ta gefe.

Wa zan ce ya saya? Mai ɗaukar keke, siketbod, damben zamani, ɗaga ƙarfe ko ƙwallon kwando, wanda ke iya matsowa mita goma, wanda kuma shi ke ɗaukar kayansa a bayansa. Guda biyu sun fi babba ɗaya amfani a irin wannan aiki, saboda hasken baya shi ne rabin hoton. Ka haɗa da batirin ajiya guda ɗaya da ƙwai guda ɗaya, don ƙwan tsirara gilashi ne, kuma ƙwallo ba ta san tsadarsa ba.