Agogon Ƙirga Taku: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu

Wata huɗu ke nan da na sayi agogon hannu mai ƙirga taku a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, irin ƙananan nan da ake shigowa da su daga China, waɗanda farashinsu bai kai na wayar Android mafi araha ba. Abin da ya sa na saya shi ne likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya kuma umarce ni da rage gishiri da yawaita tafiya a ƙasa. Aikina na zaman ofis ne, amma a lokacin ina ganin kai-komon da nake yi a kullum ya wadatar.

Tun a makon farko agogon ya nuna mini ba haka abin yake ba. A ranakun aiki ba na cika taku 3,000 daga safe har dare, kuma mafi yawansu na zuwa masallacin ƙofar gida ne. Wannan lissafi shi ne babban amfanin agogon a wurina, domin mutum yana iya gardama da likita a zuciyarsa, amma da wuya ya yi gardama da adadin da yake gani a tsintsiyar hannunsa kowane dare. Daga nan na koma sallar Asuba a wani masallaci mai ɗan nisa, idan an idar kuma na zagaya ta bakin titi na rabin awa, kafin rana ta ɗaga kuma kafin hayaƙin ababen hawa ya cika gari. Haka nan agogon yana girgiza idan na yi awa guda a zaune, sai na tashi na kai takarda ofishin sama da ƙafata maimakon na aiki wani.

Agogon ya zo da ma'aunin taku 10,000 a rana, wato kimanin kilomita 7 zuwa 8, kuma ina ganin wannan adadi yana iya karya gwiwar mai farawa. Asalinsa talla ne: wani kamfanin Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya sa mata suna mai ma'anar "ma'aunin taku dubu goma". Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 kan mata masu manyan shekaru ya gano cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya da minti take lissafi, inda ta shawarci baligi da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Saboda haka na sauke ma'aunin zuwa 7,000, na mayar da hankali ga saurin tafiya, irin wadda numfashi zai ƙaru amma a iya magana.

Ƙirgar ba ta rasa kuskure, domin motsin hannu na'urar take ji. Ranar da na shiga adaidaita sahu a hanya mai gargada na sauka na tarar an ƙara mini ɗaruruwan taku. Maiɗakina ta ɗaura shi wata Asabar tana dakan yaji, sai tashin taɓarya da saukarta suka zama taku alhali tana tsaye wuri ɗaya, ko da yake daka da shara da wanki su ma motsa jiki ne na gaske. A kan keke kuma, inda hannu yake riƙe da kan keken, ba ya ba mutum haƙƙin wahalarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne awon hawan jini da aka sa a cikinsa. Bugun zuciya yana auna shi da koren haske da ke ƙarƙashinsa, kuma idan ina zaune lissafinsa yana kusa da abin da nake ƙirgawa da yatsa. Hawan jini kuwa kusan lamba ɗaya mai kwantar da hankali yake ba ni kullum, har ranar da na'urar asibiti, wadda ake ɗaurawa a dantse, ta nuna ya hau. Ina roƙon duk mai hawan jini kada ya dogara da wannan awo, kada kuma ya ajiye maganinsa saboda shi.

Batirinsa yana kai mako guda, abin yabawa ne a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Sai dai wayar cajinsa ta musamman ce, idan ta ɓace samun irinta aiki ne. Manhajarsa ba ta da Hausa, kuma maɗaurinsa na roba yana tara gumi a lokacin zafi, don haka nake cire shi a kowace alwala, na goge shi, na bar fatar ta sha iska.

Wanda ke yawo da wayarsa a aljihu zai iya sauke manhajar ƙirga taku kyauta ya sami kusan wannan amfani. Agogon ya fi dacewa da wanda wayarsa ke wuni a kan tebur ko a wurin caji, da matan da ba sa ɗaukar waya yayin aikin gida. Wanda ya yanke shawarar saya, ya ɗaura shi tun a shago, ya yi taku 100 yana ƙirgawa da bakinsa, ya duba abin da agogon ya rubuta kafin ya biya kuɗi.